Kek ɗin auduga ga tumakin da ke cin kara: ya ci kuɗinsa, amma ba kowane buhu ba

Daga tsakiyar hunturu har zuwa saukar ruwan farko, abin da ke gaban yawancin tumakin da ke turke a ƙasar Hausa bai wuce karan dawa da karan gero da karmami ba, wani wurin kuma karan masara ko na shinkafa. Wannan abinci yana cika ciki, amma furotin ɗin da ke cikinsa bai fi kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari ba. Ƙananan halittun da ke cikin tumbin tunkiya, waɗanda su ne ke narkar da kara, suna bukatar kamar kashi 7 kafin su yi aiki yadda ya kamata. In ba su samu ba sai su ragu, kara ya daɗe a tumbi bai narke ba, dabba ta rage ci domin cikinta bai sauka ba. Shi ya sa za ka ga rago a watan Maris da ƙaton ciki, amma haƙarƙari a waje, gashi a tashe, ƙugu ya zube. Mai shi kuwa yana rantsuwa bai taɓa barinsa da yunwa ba, kuma gaskiyarsa ce.

Abubuwan da ake saya don toshe wannan giɓi suna da yawa: dusar alkama, dusar masara, harawa, kowar wake, ƙuli-ƙulin gyaɗa, 'ya'yan gawo, dutsen lasa. Wanda muka ɗora a ma'auni a nan shi ne kek ɗin auduga, wanda wasu ke kira ƙuli-ƙulin angurya. A ganinmu, ga babban rago ko tunkiya da ke rayuwa a kan kara, da wuya a sami abin da ya fi shi biyan bukata idan aka dubi kuɗi da furotin tare. Sai dai kaya ne da ake sayarwa ba tare da wani rubutu a jikin buhu ba, yana da guba ga ƙananan 'ya'yan tumaki, kuma idan aka haɗa shi da dusa ba lissafi yana toshe wa rago mafitsara.

Abin da ke cikin buhun

Bayan an gurje auduga an cire kaɗa, anguryar da ta rage ake kai wa injin matsar mai. Abin da ya fito ta ɗaya bakin injin, bayan man ya tsiyaye, shi ne kek. A Najeriya harkar ta fi ƙarfi a yankunan da ake noman auduga, irin su Funtua da Malumfashi da Gusau da Gombe. A arewacin Kamaru kamfanin Sodecoton yana da masana'antun matsar mai a Garwa da Marwa, a Chadi kuma akwai ta garin Mundu.

Kek iri biyu ne, kuma bambancinsu ba kaɗan ba ne. Akwai wanda aka matse anguryar da ɓawonta: furotin ɗinsa tsakanin kashi 22 ne zuwa 28. Akwai wanda aka fara ɓare ɓawon kafin a matse, shi kuma yana kai kashi 36 zuwa 41. Wanda ya fi yawa a kasuwanninmu mai ɓawon ne. Matsalar ita ce mai sayarwa da kansa sau da yawa bai san wanne ne a hannunsa ba, buhun kuma tsohon buhun taki ne ko na masara da aka sake ɗinkewa. Ba sunan masana'anta, ba ranar da aka yi shi, ba adadin furotin, wani lokaci ko nauyin bai cika ba. Wannan shi ne babban abin ƙorafi a kan kayan, kuma shi ke tilasta wa mai saye ya zama mai bincike da kansa.

Kada a yarda da abin da ke saman buhu. A zura hannu har tsakiya a zaro gutsure, a karya shi biyu a duba cikin. Mai kyau launinsa ruwan ƙasa ne mai ɗan haske da ya karkata zuwa rawaya-rawaya, da ɗigo-ɗigon baƙin ɓawo da ɗan silin kaɗa nan da can. Yana karyewa da ƙara, ba ya lanƙwasa. In an murza shi a takarda yana barin ɗan maiƙo. Ƙanshinsa na soyayyen iri ne. Idan ɓawo da kaɗa sun rinjayi tsokar har gutsuren yana tsinkewa zare-zare, furotin ɗinsa yana can ƙasa, kusa da kashi 20, komai daɗin bakin mai shago. Idan ya yi duhu sosai yana warin ƙuna, injin ya yi zafi fiye da kima, wani ɓangare na furotin ɗin ya ƙone ya manne da sauran sinadarai, zai bi ta cikin rago ya fita a kashi ba tare da ya yi amfani ba. Idan yana warin tsohon mai, ko ya dunƙule yana da laushi, ko akwai fari-fari ko kore-kore a jikinsa, a bar wa mai shi kayansa ko da rabin kuɗi ya yi.

Wanda aka niƙa gari ya fi haɗari, domin a nan ake yin algus. Gwajinsa ba wuya. A zuba tafi ɗaya a gorar roba mai haske, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye minti 10. Yashi zai kwanta a ƙasa ya yi layi nasa daban. Ɓuntun shinkafa da garin katako za su taso sama. Ɗan ɓawon angurya da ke yawo ba laifi ba ne, nasa ne. Duk wanda ke da hali ya sayi na gutsure ya kai inji da kansa, ko a daka masa a turmi.

Lissafin kuɗi

Farashi yana sauyawa kowane mako, don haka ba a kan farashin buhu ya kamata a tsaya ba, a kan furotin ɗin da ke cikin buhun ne. Kilo 50 na dusar alkama, mai kashi 16, yana ɗauke da kilo 8 na furotin. Kilo 50 na kek mai kashi 25 yana ɗauke da kilo 12 da rabi. Kilo 50 na ƙuli-ƙulin gyaɗa na inji, mai kashi 45, yana ɗauke da kilo 22 da rabi. Ke nan matuƙar kuɗin kek bai wuce na dusa sau ɗaya da rabi ba, furotin ɗinsa ya fi araha. Haka kuma idan kuɗin ƙuli-ƙulin gyaɗa bai kai ninki biyu na kek ba, sai a sake tunani, domin a lokacin gyaɗa ta fara yin gogayya da shi. A yawancin shekaru masu abincin kaji ke ɗaga farashin gyaɗa da waken soya, su kuma ba sa rububin kek ɗin auduga saboda kaji ba sa jure shi da yawa. Arahar kek ga mai tumaki daga nan ta samo asali.

Wannan lissafi a kan kilo yake tafiya, ba a kan kwano ba. Dusa ba ta da nauyi, kek kuwa yana da shi. Kwano ɗaya na niƙaƙƙen kek ya ninka kwanon dusa nauyi, wani lokaci har fiye. Mai kiwo ya je wurin mai sikeli sau ɗaya, ya auna giram 200 na kowanne a gwangwanin da zai riƙa amfani da shi, ya ja layi a jikin gwangwanin da ƙusa. Shi ke nan ya huta da kame-kame.

Nawa za a ba, kuma ta yaya

Rago mai kilo 30, matsakaicin ɗan ƙasa ke nan, yana cin busasshen abinci kamar kilo 1 a rana. Idan turka ake so, abincin gaba ɗaya ya kai kashi 12 na furotin, wato giram 120. Ga tsarin da ke kai wa nan ba tare da an yi ɓarna ba: kara giram 400, harawa giram 200, haɗin komi giram 400. Haɗin komin kuma, a kowane kilo 100, kek kilo 50 ne, dusar alkama kilo 46, garin laimiston (dutse mai sinadarin kalsiyam) kilo 3, gishiri kilo 1. Kara zai ba da giram 16 na furotin, harawa kamar 26, haɗin kuma kamar 80. An tashi da 122. A kwana 90 na turka rago ɗaya zai ci kilo 18 na kek, don haka buhu mai kilo 50 ya kusa riƙe raguna uku har ranar kasuwa. Ga uda ko balami mai kilo 45 zuwa 50 sai a ƙara rabin wannan ƙiyasi a kan komai.

Da irin wannan ciyarwa, rago ɗan ƙasa mai lafiya da bai gama girma ba yakan ƙara giram 80 zuwa 120 a rana, wato kilo 7 zuwa kusan 11 a wata uku. Duk wanda ya ce maka kek zai ninka rago a wata guda, sayar da kaya yake yi.

Wanda ba turka yake yi ba, so yake kawai tumakinsa su tsallake rani ba su zube ba, giram 100 zuwa 150 na kek a rana ya isa babbar tunkiya. A nan ne ma kayan ya fi nuna kansa, domin ɗan wannan abu ba cika ciki yake yi ba, halittun tumbi yake ciyarwa, su kuma su narkar da kara da sauri. Cikin mako biyu za a ga karan da ake kwashewa da safe ya ragu, kashi ya daina fitowa a bushe ƙanana-ƙanana, tuƙa ta ƙaru. Tunkiya mai ciki a makonni 6 na ƙarshe, lokacin da ɗan ke yin mafi yawan girmansa, a kai ta giram 200 zuwa 300 na haɗin. Mai shayarwa, musamman mai tagwaye, ta fi kowa bukata, tana iya cin 400.

Ba a fara shi gaba ɗaya. Giram 50 a rana ake somawa, a ƙara 50 duk bayan kwana 3, har a kai adadin da ake so cikin mako biyu. A raba shi biyu, safe da yamma, kuma a bari dabba ta fara cin kara kafin a zuba mata. Ragon da aka sayo daga kasuwa da yunwa aka cika masa komi a ranar farko, ko zawo ya kama shi, ko cikinsa ya yi tsami ya daina ci, ko kuma a wayi gari a tarar da shi a mace ba wata alama, saboda ƙwayoyin cutar hanji da ke bunƙasa idan abinci mai ƙarfi ya sauko musu kwatsam. Wasu tumakin ba sa karɓar kek da farko. A barbaɗa shi a kan dusar da suka saba da ita da ɗan gishiri, kwana biyu uku za su kama.

Jiƙa kek al'ada ce da ta yaɗu, kuma ba laifi idan gutsuren ya yi tauri. Awa ɗaya zuwa biyu ya isa, a jiƙa abin da za a cinye a zama ɗaya kawai. Wanda ya kwana a ruwa a zafin bazara ya yi tsami, sauran da ya manne a lungun komi kuma shi ke fara fumfuna. A kankare komi kullum.

Kara shi ma yana da nasa haƙƙi. A sassare shi gajeru, kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, sannan a zuba fiye da abin da za a cinye, domin tunkiya ganye da kan kara mai laushi take zaɓa, kuma a nan amfanin yake. In an tilasta mata cinye gindin karan kafin a ƙara, an rage mata ci ne. Abin da ta bari ya tafi wa shanu ko jaki ko murhu. Kuma kafin a kashe ko sisi a kan kek, a ba da maganin tsutsar ciki, a yi rigakafin ciwon nan na tumaki da awaki mai kawo majina da zawo, wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke yin allurarsa. Ragon da tsutsa ke shan jininsa ba ya nuna abin da ya ci. A kula, ba a ba tunkiya maganin tsutsa na albendazol a farkon ciki.

Inda yake yin ɓarna

Na farko gosifol ne, gubar da ke cikin baƙaƙen ɗigon da ake gani idan aka fasa ƙwayar angurya. Zafin injin matsa yana ɗaure yawancinta, tumbin babbar dabba kuma yana ɗaure saura. Ɗan tunkiyar da bai kai wata 3 ba tumbinsa bai gama ginuwa ba, don haka gubar tana shiga jininsa tana taruwa a hankali. Ba ta nuna kanta a rana ɗaya. Bayan makonni sai a ga ɗan yana haki, ya daina ci, ya kwanta, wani ma ya faɗi ya mutu yana tsakar wasa, saboda zuciya da hanta sun lalace. Mafi yawan lokuta ba da gangan aka ba shi ba, kansa yake sa wa a komin uwarsa. A ɗaure ɗan ko a kewaye shi har uwar ta gama. In ana son ba ƙanana ƙari, ƙuli-ƙulin gyaɗa mai tsabta ko na waken soya ya dace da su, da ganyen harawa.

Ragon barbara shi ma a yi hattara da shi. Gosifol yana rage ingancin maniyyi, kuma maniyyin rago yana ɗaukar kimanin makonni 7 kafin ya kammala. Don haka a janye masa kek, ko a mayar da shi ɗan kaɗan, wata biyu kafin a sake shi cikin tumaki. Ragon layya wannan bai shafe shi ba.

Anguryar da ba a matse ba ta fi kek yawan gubar da kuma mai. Ana ba da ita, amma kada ta wuce giram 150 a rana ga rago mai kilo 30, domin yawan mai yana danne halittun da ke narkar da kara, sai a yi asarar abin da ake nema. Anguryar shuka da aka shafa wa magani, wadda ake gani da launin ja ko shuɗi, ba abinci ba ce ko kaɗan. Wankewa ba ya fitar da maganin.

Na biyu, kuma shi ya fi cin raguna a gidajen masu turka, toshewar mafitsara ne. Kek da dusa duka suna da fosforos da yawa, kusan kashi 1 cikin ɗari, kalsiyam kuma ɗan mitsitsi. Jikin rago yana son kalsiyam ya ninka fosforos sau biyu. Idan lissafin ya juye, rarar fosforos tana fita ta fitsari tana zama yashi-yashi, hanyar fitsarin rago kuma doguwa ce, siririya, ga lanƙwasa, ga ɗan siririn bututu a ƙarshenta. Alamun ba sa ɓuya ga mai lura: rago ya tsaya ya buɗe ƙafafu yana yunƙuri, fitsari na ɗiga ko ba ya fita sam, yana harbin cikinsa, yana cizon haƙora, wani lokaci a ga farin gari ya bushe a gashin bakin kaciyarsa. Wannan ba abin jira ba ne zuwa gobe. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu mafitsara ko hanyar fitsarin tana iya fashewa. Likitan dabbobi yakan yanke ɗan bututun ƙarshen idan a nan tsakuwar ta tsaya. Ragon da aka dandaƙe tun yana ƙarami ya fi shiga haɗari, tunkiya kuwa da wuya abin ya same ta.

Kilo 3 na laimiston da ke cikin haɗin can saboda wannan aka sa shi. Wanda masu abincin kaji ke sayarwa ake nufi, ba farar ƙasar shafe bango ba, wadda ke ƙona baki. Garin ƙashi ba zai maye gurbinsa ba, domin shi ma fosforos ne da shi. Harawa tana da kalsiyam sosai, shi ya sa ragon da ke samun harawa kullum bai cika toshewa ba. Gishirin kuma yana sa shan ruwa. Rago mai kilo 30 yana shan lita 3 zuwa 5 a rana, a bazara fiye da haka, kuma ruwan ya kasance a gabansa koyaushe, ba sau ɗaya da rana ba. Masu raguna da yawa sukan ƙara amoniyam kulorayid, kamar giram 5 a rana ga kowane rago, bisa shawarar likita, domin yana sa fitsari ya yi tsami-tsami tsakuwar ta kasa haɗuwa. Kanwa akasin haka take yi. Ɗan lasa ba komai, amma zuba ta kullum a ruwan ragon da ke cin kek da dusa ƙara wa matsalar ƙarfi ne.

Na uku fumfuna ce. Gubar afalatoksin da take haifarwa ba ta da magani, tana cin hanta a hankali, tana kuma fita ta nono. Shanya kek a rana yana busar da shi amma ba ya kashe gubar.

Idan aka jera shi da sauran

Dusar alkama ita ce abin da kowa ke fara saya, kuma tumaki suna son ta. Amma da kashi 15 zuwa 17 na furotin, ita kaɗai ba ta iya ɗaga abincin da rabinsa kara ne zuwa kashi 12, sai an ba da ita da yawan da zai jawo toshewar mafitsara. Dusar masara da ta dawa sun fi ta ƙarancin furotin, kashi 10 zuwa 11. Ƙarfi suke bayarwa, ba gina jiki ba. Wurin dusa a gefen kek yake, ba a madadinsa ba.

Harawar wake da ta gyaɗa, masu kashi 10 zuwa 15, su ne abin da ba ya cutarwa ko ta ina. Wanda ya tara tasa da kaka, ya ɗaure ta tun ganyen na kore, ya ajiye a inuwa, zai iya rage kek da rabi. Wanda zai saya a Afrilu kuwa yana biyan kuɗin ganye ne ana ba shi jijiya, domin ganyen ya kakkaɓe a hanya. 'Ya'yan gawo sun kai harawa furotin, suna kuma zuba a daidai lokacin da ake bukatarsu. A yankin Damagaram da Maraɗi, inda gawo ya yawaita a gonaki, buhu-buhu ake sayar da su. A daka su kafin a ba da, in ba haka ba ƙwayar, wadda ita ce mafi furotin, tana fita a kashi yadda ta shiga.

Ƙuli-ƙulin gyaɗa ya fi kek furotin, ba shi da gosifol, kuma giram 110 nasa yana aikin giram 200 na kek. Tsada ce matsalarsa, sai kuma cewa gyaɗa ta fi komai kamuwa da afalatoksin. Kek ɗin kwakwar manja da ake kawowa daga kudu yana da araha, furotin kashi 15 zuwa 18, amma yana da sinadarin jan ƙarfe da yawa, tumaki kuma ba sa iya fitar da shi daga jiki kamar shanu da awaki. Yana taruwa a hanta wata da watanni, rana ɗaya fitsari ya koma ja-baƙi, idanu su yi rawaya. Ba mu ba da shawarar a mai da shi ginshiƙin abincin tumaki ba. Wannan dalilin ne kuma ya sa ba a ba su abincin kaji ko haɗin da aka yi don shanu.

Yuriya ita ce mafi arahar duka, kuma mafi saurin kisa. Ba furotin ba ce, naitirojin ce kashi 46, halittun tumbi ke juya ta su gina furotin da ita. Hanya mafi aminci ita ce a gyara karan da ita: a narkar da kilo 4 na yuriya a lita 50 zuwa 60 na ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na sassararren kara, a danne a rami ko a ƙarƙashin leda yadda iska ba za ta shiga ba, a bari mako 3. In an buɗe a baza abin da za a ba da ya sha iska har warin ya fita. Karan yana yin laushi, furotin ɗinsa ya kusa ninkawa. Dutsen lasa mai yuriya da molasis (ruwan rake mai kauri da ke ragewa bayan an yi sukari) shi ma yana aiki, muddin ya yi taurin da sai dai a lasa. Idan ruwa ya taɓa shi ya yi laushi har rago ya gatsa, ko ya sha ruwan da ya taru a ƙarƙashinsa, cikin minti 20 zuwa awa ɗaya za a ga rawar jiki, dalala, kumburin ciki. Taimakon gaggawa shi ne a ɗura masa rabin lita zuwa lita 1 na binega (ruwan khal) da ruwan sanyi, a hankali don kada ya shaƙe, a kira likita. Ba a ba ƙananan 'ya'ya yuriya ta kowace fuska, ba a ba dabbar da ta kwana da yunwa. Kuma ko da gyararren kara, ragon turka yana bukatar kek. Abin da yuriya ke yi shi ne rage adadinsa.

Lokacin saye da ajiya

Ana gurzar auduga ne daga ƙarshen kaka zuwa cikin rani, don haka sabon kek a wannan tsakanin yake fitowa. Babbar Sallah kuma tana matsowa da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara: a 2024 ta faɗo 16 ga Yuni, a 2025 kuma 6 ga Yuni. Ma'ana watanni ukun turka yanzu suna faɗawa a tsakiyar rani da bazara, lokacin da kara ya fi bushewa, harawa ta fi tsada, kowa kuma yana neman kek a lokaci guda. Mai niyyar turka ya sayi nasa gaba ɗaya tun Janairu ko Fabrairu, daga mai shago ɗaya, bayan ya gwada. Sauya kaya a tsakiyar turka yana sa rago ya ja baya da ci na wasu kwanaki.

A ɗora buhunan a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango, a ɗakin da ba ya yoyo kuma iska na ratsawa. Na gutsure ya fi gari daɗewa, don haka a riƙa niƙa na mako biyu-biyu. A busasshen rani yana kai wata 3 zuwa 4 lafiya. Da zarar iskar bazara ta fara ɗauko laima, man da ke cikinsa yana saurin lalacewa, sai a riƙa buɗe buhu ana shanshanawa kowane mako. Ɓera da gara suna son sa, kaji ma haka, kuma kazar da ta saba cin sa ƙwanta yakan canza launi. Idan damina ta zauna, ciyawa ta kai tsawon da tumaki ke ƙoshi da ita, a janye kek a hankali cikin mako guda, domin sabuwar ciyawa tana da furotin ɗin da ya ishe su, sai dai mai shayar da tagwaye da ragon da har yanzu ke turke.